Karatun ƙasa ko gwajin ƙwayar ganet: wanne za ka fara zuba wa kuɗi in an kawo maka maganar lu'ulu'u?

Harkar ma'adinai ta shiga jinin mutanenmu yanzu, zinare a Birnin Gwari da Anka, litiyam ta wajen Nasarawa, duwatsun ado a kudancin Kaduna, toh sai ga maganar lu'ulu'u ita ma tana yawo a bakin 'yan kasuwa nan Zariya, wane ya ga fili, wane yana neman abokin haɗin gwiwa, wani ma har da 'yan jajayen ƙwayoyi a ƙulle cikin leda yana nunawa. Ni abin da ke damuna shi ne yawancin masu son sa kuɗin nan mutanen kirki ne, guminsu ne wallahi, kuma ba kowa ya gaya musu ba cewa tun kafin a kai ga haƙa rami akwai hanya biyu da masana ke bi su auna ko wuri ya cancanci wahala. Ta farko ita ce karatun ƙasar kanta, wato jiyoloji, shekarun dutsen wurin, kaurinsa, tarihinsa, taswirar maganaɗisu. Ta biyu ita ce a tsinto ƙananan ƙwayoyin ma'adinai da ke rakiyar lu'ulu'u, irin su ganet, a kai su lab a auna sinadarin da ke cikinsu. Manyan kamfanoni duka biyun suke yi a tare. Kai kuma da kuɗinka ke da iyaka dole ka san wadda za ka fara da ita, da abin da kowace za ta iya faɗa maka, da inda take yin shiru.

Sai an fahimci abu ɗaya tukuna. Lu'ulu'u kabon ne zalla, kuma yawancinsa a zurfin kilomita 150 zuwa 200 ƙarƙashin ƙasa yake samuwa, inda nauyi ya yi yawa amma zafi bai wuce kima ba, kamar digiri 900 zuwa 1,300. In zafin ya fi ƙarfin nauyin sai kabon ɗin ya zama girafait, wannan da ake bakin fensir da shi. Dutsen da ke kawo shi sama shi ake kira kimbalait, sunan daga garin Kimbali na Afirka ta Kudu inda aka fara gane shi wajen 1871, kuma shi kimbalait ba shi ke haifar lu'ulu'u ba sam. Ɗauke shi kamar motar haya da ta taso daga can ƙasa a guje, in ta biyo ta tashar da ke da fasinja ta kwaso, in ba ta biyo ba ta iso Kwangila wayam, kuma ko ta kwaso in ta yi nawa a hanya fasinjan ya narke. Shi ya sa cikin dubban kimbalait da aka gano a duniya, kusan ɗaya cikin ɗari ne kawai ya zama mahaƙa mai riba.

Karatun ƙasa tambayarsa ɗaya ce, shin ƙarƙashin wannan wuri akwai sanyi da kaurin da lu'ulu'u zai zauna ya daɗe? A 1966 wani masani Clifford ya lura cewa kimbalait masu arziki kusan duk a kan tsofaffin doron ƙasa suke, waɗanda ake ce wa kiraton, masu shekaru sama da biliyan 2.5, waɗanda tun lokacin ba abin da ya sake dama su, saiwarsu ta yi zurfin kilomita 200 ko fiye kuma ta huce. Botsuwana, Afirka ta Kudu, Saibiriya, arewacin Kanada, duk haka ne. A yammacin Afirka ma inda tsohon kiraton ɗin yake nan lu'ulu'un yake, Saliyo da Gini da Laberiya, a Saliyo tun 1930 aka fara samu a yankin Kono, kuma akwai bututun kimbalait, wato hanyar da dutsen ya huda ya fito sama, a Koidu. Misalin da ya fi burge ni shi ne Namibiya, akwai tarin kimbalait a yankin Gibiyon amma da yake sun faɗo gefen kiraton babu komai a cikinsu, lu'ulu'un da ƙasar ta yi suna da shi a bakin teku kogin Oranj ne ya jawo shi daga can cikin ƙasa.

Toh mu ina muka tsaya? Nan ne maganar ba daɗin ji amma gara a faɗa. Ƙasarmu tana tsakanin kiraton biyu ne, na yammacin Afirka da na Kwango, kuma wajen shekara miliyan 600 da suka wuce an matse ta, an dafa ta, duwatsu sun narke sun sake daskarewa. Kufena da kake hangowa daga cikin gari, da sauran duwatsun giranait da ke warwatse a ƙasar Zazzau, 'ya'yan wannan lamarin ne. Bayan nan kuma sai ga giranait ɗin Jos masu kuza, ga tsagewar kwarin Binuwai, ga aman wuta na baya-bayan nan a Jos da Biu, duk alamu ne cewa ƙarƙashinmu ya sha zafi ba sau ɗaya ba. Wani ɗalibin Samaru zai ce ai an auna duwatsu a Kaduna an samu masu shekara biliyan 3.5, gaskiya ne an samu, amma tsufan dutsen sama daban, saiwar da ke kilomita 200 ƙasa ta tsira da sanyinta daban, kuma ita ce abin nema. Ta wajen Kafur da Malumfashi a jihar Katsina masana sun yi rubutu a kan dutse mai siffar kimbalait, duk da haka har yau babu mahaƙar lu'ulu'u ko ɗaya da ke aiki a kan kimbalait a Najeriya.

Abin da karatun ƙasa ya fi shi ne arha da sauri. Taswirar duwatsu na nan a hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, NGSA, bayanan maganaɗisu da aka ɗauka da jirgin sama a faɗin ƙasar nan su ma suna nan ana saye, malami ɗaya da ya san aikinsa a sashen jiyoloji na ABU zai zauna da kwamfuta ya gaya maka irin ƙasar da filinka ke kai ba tare da ka ɗauki ko shebur ba. Kuma ya iya cewa a'a da ƙarfi. Rauninsa shi ne bai iya cewa eh ba. Ko a tsakiyar Botsuwana kake, karatun ƙasa zai ce maka unguwar mai kyau ce kawai, ba zai ce wannan bututun na da kaya ba. Ita ma taswirar maganaɗisu tana ruɗi, za ka ga ɗigo zagayayye ka ce ga bututu, a haƙa a tarar da wani dutse ne mai ƙarfe, kuma akwai kimbalait da sam ba ya jan maganaɗisu. Sannan dokar Clifford ɗin ma tana da wanda ya karya ta, Argail a Ostireliya, an gano ta 1979, ba a tsakiyar tsohon kiraton take ba, dutsenta ma lamfuroit ne ba kimbalait ba, ta yi shekaru tana cikin mafi yawan fitarwa a duniya har aka rufe ta 2020. Masu tallar fili suna son ambaton Argail sosai. Amma ita ɗaya ce tilo a irin girmanta, ba a gina lissafin kuɗin mutane a kan tilo.

Yanzu hanya ta biyu, wadda gaskiya ita ce zuciyata ta fi karkata gare ta don ita tana taɓa abin da ya fito daga zurfin kai tsaye. Lu'ulu'u ƙaranci gare shi, mahaƙa mai kyau ma za a niƙa tan guda na dutse a samu karat ɗaya, karat kuwa kashi ɗaya cikin biyar na giram ne, ka ga nemansa kai tsaye a rafi ɓata lokaci ne. Amma ma'adinan da suka taso tare da shi sun ninka shi dubbai, su ake bi. Za a je rafi a nemi inda ruwa ke ajiye kaya masu nauyi, bayan babban dutse ko cikin kwarmin da ruwa ya ƙwaƙule, a kwashi tsakuwa kilo 10 zuwa 20 har a kankaro ta ƙasan, a tace da rariya a riƙe ƙwayoyin da ba su wuce milimita 2 ba, a wanke a kwano irin yadda masu zinare ke yi har farin yashi ya tafi baƙin ya kwanta. Wannan baƙin shi ake busarwa a zuba ƙarƙashin madubin ƙara girma, mutum ya zauna da ɗan tsinke yana ture ƙwaya ɗaya-ɗaya, aiki ne mai cin ido da haƙuri. Abu huɗu yake nema. Ganet mai launin ja da ya juya zuwa shunayya, ilmenait baƙi wuluk mai santsi da ƙyalli, kuromait, sai dayofsaid mai kore shar wanda in ka gan shi sau ɗaya ba ka mantawa. Har fatar ƙwayar ana dubawa, in ganet na ɗauke da ɓawo mai kaushi a jikinsa bai yi nisa da gida ba, in ya goge ya yi sumul ya sha tafiya. Shi koren ba ya jure tafiya ko kaɗan, ganinsa na nufin tushen na kusa.

Da wannan dabarar Larisa Popugayeva ta bi jan ganet a rafukan Saibiriya har ta tsaya kan bututun Zarnitsa a 1954. Da ita aka gano mahaƙun Botsuwana, Orapa a 1967 da Jwaneng a farkon shekarun 1970, shi Jwaneng ma yashin Kalahari mai kaurin gomman mitoci ya binne shi, gara ce ta riƙa fito da ƙwayoyin sama wajen ginin suri. Da ita Chuck Fipke da Stewart Blusson suka yi shekaru suna bin sahu a arewacin Kanada har suka dace a 1991, mahaƙar Ekati ta buɗe 1998.

Amma launi ba ya yanke hukunci, a nan sinadari ke shigowa. Ana manna ƙwayoyin a goge su a sa a na'urar maikurofurob, ita ke faɗin kashi nawa na kowane sinadari ke cikin ƙwaya guda. John Gurney na jami'ar Kef Tawun ya nuna a 1984 cewa ganet ɗin da ake samu a kulle cikin lu'ulu'u kansa yawanci kuromiyam ɗinsu na da yawa, kalsiyam kaɗan, ya ja layi a jadawali wanda kashi 85 cikin ɗari na irinsu ke faɗawa gefe guda, su ake ce wa G10. Masu kalsiyam da yawa su ne G9, kusan kowane kimbalait na da su har da wanda ba komai a cikinsa, na Gibiyon ɗin nan ma suna da su. Kuromait kuma ana son kuromiyam ɗinsa ya haura kashi 60, magniziyam wajen 12 zuwa 16. Ilmenait ba ya cewa akwai lu'ulu'u, aikinsa biyu ne, yawan magniziyam ɗinsa ya nuna daga kimbalait ya fito ba daga dutsen sama ba, yanayin ƙarfensa kuma ya ba da haske ko ruwan dutsen ya cinye lu'ulu'un a hanya. Har zafin inda ƙwayar ta fito ana lissafawa daga nikel ɗin cikin ganet, daga dayofsaid kuma a fitar da zafi da zurfi duka biyu, ka ga kenan tambayar da karatun ƙasa ke amsawa da hasashe, shin ƙarƙashin nan da sanyi, ƙwaya ɗaya da ba ta kai gero ba tana amsa ta da lamba. Wannan abin har yau yana ba ni mamaki.

Sai dai a ƙasarmu tarkon wannan hanya yawa gare shi, kuma nan nake so a tsaya a saurara. Je ka wanke yashi a Kubanni ko Galma, za ka samu jan ganet da baƙin ilmenait, wani lokacin har da yawa, amma na dutsen sama ne, ganet mai ƙarfe da ke fitowa daga tsofaffin duwatsunmu na nan, babu ruwansa da zurfin kilomita 150. Na biyu ya fi wannan haɗari, duwatsun aman wuta na Jos da Biu su ma suna ɗauko manyan ƙwayoyi daga zurfi, irin su ganet da ilmenait da firoksin, a ido kamar na kimbalait, amma ba su kai zurfin lu'ulu'u ba, abin da irin waɗannan duwatsun ke bayarwa shi ne duwatsun ado, safaya da zakon, kamar yadda ake samu ta wajen Nisama da Mambila. Kama da wane ba ta wane. Na uku marmara. Zafi da ruwan sama na shekaru miliyoyi da suka yi mana marmara suna cinye ganet da dayofsaid, su bar ilmenait da kuromait, saboda haka rashin ganin G10 a saman ƙasa ba kullum yake nufin babu ba, wani lokacin sai an huda ƙasan marmarar an ɗebo. Sannan kuɗi, yawanci waje ake tura ƙwayoyin, Afirka ta Kudu ko Kanada, da dala, a jira makonni. Kar wani ya ɗauko maka 'yar na'urar hannu da ake haska zinare da ita ya ce ta wadatar, ba ta da daidaiton da zai raba G9 da G10 a ƙwaya guda.

Kuma shi ma sinadarin akwai inda idonsa bai kai ba. G10 na magana ne a kan lu'ulu'un da ya girma cikin dutsen feridotait, akwai wani jinsin da ke girma cikin ekulojait, nasa ganet ɗin ruwan lemo ne kuma alamarsa sodiyam ɗan mitsitsi, wajen kashi 0.07 zuwa sama, a Orapa da Argail wannan jinsin ya fi yawa, wanda ya tsaya neman G10 kaɗai zai raina su. Manya-manyan nan kuma irin lu'ulu'un Kalinan mai karat 3,106 da aka samu a Afirka ta Kudu 1905, bincike ya nuna daga zurfin da ya wuce kilomita 300 suke, babu ƙwayar rakiya da ke ba da labarinsu. Bututun Karowe a Botsuwana an san da shi tun wajen 1970 aka ajiye shi gefe shekara da shekaru ana ganin ba shi da wani tasiri, shi ne ya ba da mai karat 1,109 a 2015 da mai karat 2,492 a 2024.

Toh wanne za a zaɓa? Ya danganta da abin da aka ajiye maka a gaba. In takardar lasisi ce kawai da labari, babu dutse babu ƙwaya, fara da karatun ƙasa, kuɗinsa kaɗan ne, kuma a mafi yawan ƙasar arewa amsar da zai ba ka ita ce ka riƙe kuɗinka ko ka juya shi ga abin da ƙasarmu ta tabbatar tana da shi, zinare, kuza, tantalait, litiyam, safaya. Ka tabbatar kuma lasisin na nan a rajistar ofishin Kadasta na Abuja kamar yadda dokar ma'adinai ta 2007 ta tanada. In kuwa akwai abu a ƙasa, an ga ruɓaɓɓen dutse mai ruwan ɗorawa ko kore-kore da ya bambanta da na kewaye, ƙasar wurin laka ce mai riƙe ruwa, rafin da ke gangarowa daga nan na ɗauke da shunayyan ganet da ilmenait mai santsi, to a nan ni sinadari zan sa gaba, tun kafin hayar injin huda, tun kafin a kira mai katafila, domin mun riga mun san abin da taswira za ta ce game da Najeriya, abin da zai iya ƙaryata ta kawai shi ne lambobin cikin ƙwayar. Kuma ba ƙwaya biyar ba, ɗaruruwa ake aunawa a ga yadda suka bazu a jadawali. In suka fito G9 zalla, kuromait bai kai ba, zafin ya nuna yankin girafait, Alhaji a haƙura a tattara kaya. In aka ga G10 na gaske masu yawa, wannan babban labari ne da ya wuce kai da abokin haɗin gwiwarka, kuma shi ne lokacin da ya dace a sake komawa kan taswirar maganaɗisu a nemi bakin bututun.

Abu ɗaya kar ka yarda da shi ko waye, samfurin da aka kawo maka a leda. Naka mutumin ya je ya ɗebo da hannunsa, ya rubuta lambar wurin da GPS, ya ɗaure buhun ya sa hatimi. A Amurka a 1872 wasu mutum biyu sun watsa duwatsun da suka sayo a wani fili suka yaudari manyan attajirai, masanin ƙasa Clarence King ne ya tona su, ɗaya daga abin da ya ba shi shakka shi ne ganin lu'ulu'u da yakutu da wasu duwatsun da ba sa zama wuri ɗaya duk a fili guda. Mu nan kuma abin da ya fi ruɗar mutane tofaz ne, fari tas yana walƙiya, nauyinsa kusan daidai da na lu'ulu'u, wajen 3.5, har a kwanon wanki tare za su kwanta, ga shi yana yanka gilashi, alhali ƙarau ma na yanka gilashi. Taurinsa 8 ne, safaya 9, lu'ulu'u 10, a goga shi a jikin safaya, in bai yi mata zane ba magana ta ƙare. Ko da na gasken ne aka tsinta a rafi, ƙwaya ɗaya ba ta nuna tushen na kusa, ka tuna na Namibiya ɗaruruwan kilomita ya yi a ruwa.

Ko hanyoyin biyu sun haɗu sun ce eh, ba su ce akwai riba ba, wannan sai lu'ulu'un da kansa. Za a narkar da ɗaruruwan kilo na dutsen a ƙirga ƙananan da ido ba ya gani, daga nan a niƙa tan ɗaruruwa zuwa dubbai har a tara karat dubbai a kai wa masu sa farashi, don yawa daban daraja daban. Letseng a Lesoto ba ta kai karat 2 a tan ɗari ba amma tana rayuwa saboda manyan farare masu tsada, Argail kuwa ta ninka ta yawa nesa ba kusa ba amma akasarin nata ƙanana ne masu ruwan ƙasa, 'yan ruwan hoda ɗin nan ne suka ɗaga sunanta. Wannan matakin miliyoyin dala yake ci da shekaru, ba aikin mutum ɗaya ba ne ko 'yan kasuwa biyar da suka yi karo-karo a Sabon Gari. Ga kuma lu'ulu'un da ake ƙerawa a masana'anta a Sin da Indiya ya cika kasuwa, tun bayan 2022 farashin na ƙasa ke sauka, ƙanana da matsakaita su suka fi jin jiki, har manyan kamfanoni na rage haƙa, saboda haka duk takardar lissafin riba da aka nuna maka ka duba da farashin wace shekara aka yi ta.